Ram Ɗin da Surukin Ɗaga-Kai Ya Kawo

A layin da ya bi ta bayan tashar mota, tsakanin shagon mai gyaran kayan lantarki da na mai katifa, akwai wani ɗan shagon hoto mai ƙofar gilashi. Mai shagon dattijo ne siriri, mai furfura a gemu, kowa kuma Ɗaga-Kai yake ce masa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi, duk wanda ya zauna a kujerar hotonsa, ango ne ko mai neman fasfo, sai ya leƙo ta bayan kyamara ya ce, "Ɗaga kai kaɗan." Har jarirai sai da ya faɗa wa haka. Da farko yana jin haushin sunan, daga baya ya haƙura, ƙarshe ma da bakinsa ya sa mai fenti ya rubuta shi a saman ƙofa.

Mahaifinsa direban babbar mota ne, ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi. Sai dai yaron ko warin fetur ya ji cikinsa ya fara juyawa ke nan. Da aka gaji da tsayawa a hanya yana amai, kawunsa ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai hoto. A can ya koyi aikin ɗakin duhu, inda ba haske sai na jan ƙwai, ana tsoma takarda a ruwan magani ana jira fuska ta fito a hankali kamar mai tasowa daga ƙasan rijiya. Yakan ce bai taɓa gajiya da ganin wannan ba, ko da yake maganin ya mai da faratansa rawaya har tsawon shekaru.

A shagon ne ma ya samu matarsa. Ta zo ɗaukar hoton shiga makarantar koyon ɗinki, ya ɗauka, da ta dawo karɓa ya ce ta ƙifta ido, sai an sake. Aka sake. Ta dawo, ya ce wannan karon kuma haske ne ya yi yawa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, in magana ce da kai, gidanmu ba ɓoyayye ba ne. Ba ni hotona." Ya buɗe durowa ya ɗauko na farkon, lafiyarsa ƙalau. Har yau in tana son ta ƙure shi a gaban 'ya'yansu, wannan labarin take ɗaukowa.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, abokan sana'arsa da yawa suka rufe. Wani ya koma sayar da katin waya, wani ya koma gona. Shi kuwa sai ya lura da wani abu: mutane sun daina zuwa a ɗauke su, amma sun fara zuwa da tsofaffin hotuna a cikin leda, waɗanda gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa, ko suka manne da gilashin firem. Kowa tambayarsa ɗaya, ko za a iya yin wani abu. Sai ya sayi kwamfuta ta hannu da sikana mai iya ɗaukar har tsohon fim. Autarsa, wadda a lokacin take jami'a, ita ta zaunar da shi a hutu ta koya masa, yana danna maɓalli da yatsa ɗaya, tana cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Kafin a ankara ya fi ta iyawa, don shi ya san fuska, ya san inda inuwa ya kamata ta faɗa a gefen hanci.

Wannan kwamfutar ita ce har yanzu a kan teburinsa. Farinta ya koma kalar hauren tsoho, fankarta na gurnani, kullum in zai tashi sai ya lulluɓe ta da mayafin da matarsa ta ɗinka mata daga ragowar yadi. 'Ya'yansa sun sha cewa za su sai masa sabuwa, ya ce a'a. Ba taurin kai ba ne kawai. Sikanar tasa ba ta jituwa da sababbin kwamfutoci, an gwada an gani, kuma babu irinta a kasuwa yanzu. Matsalar tsohuwar guda ɗaya ce: nawa. In ya buɗe babban hoto, sai ya danna, ya tashi ya dafa shayi, ya leƙa ya gaisa da mai katifa, ya dawo ya tarar tana nan tana tunani.

Wata ranar hutu mijin Auta ya biyo ta shagon. Saurayi ne mai natsuwa, ma'aikaci a wani kamfanin sufuri, irin surukan nan da ba sa yarda su zauna a kujera sai an ce musu sau uku. Ya durƙusa ya gaida shi, ya zauna a bakin benci, ya ga yadda Baba ke jiran hoto ya buɗe. Da mako ya zagayo sai ga shi ya dawo da wani abu naɗe a takarda.

"Baba, a wurin aikinmu an sauya kwamfutoci, tsofaffin aka ce duk mai so ya cire abin da zai yi masa amfani. Shi ne na ce bari in kawo wannan."

Ya warware. Wasu 'yan falle ne guda biyu, koraye, kowanne tsawon ɗan yatsa da rabi, da baƙaƙen ƙwayoyi a jere da bakin zinariya a ƙasa.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ram ke nan, Baba. A nan kwamfuta take baza aikin da ke hannunta. Taku guda ɗaya gare ta, kuma ƙarami, shi ya sa take nawa. In an ƙara mata za ta sake."

Suka kashe wuta, suka kwance murfin, Ɗaga-Kai yana haska masa da tocilan. A ciki akwai gurbi biyu, ɗaya da ram ɗinta na asali, ɗaya ba komai sai ƙura. Na farkon da surukin ya gwada ya ƙi shiga. Akwai 'yar tsaga a bakinsa, akwai ɗan tudu a cikin gurbin, amma ba su zo daidai ba. Ya juya shi, ya sake gwadawa, gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Kar ka matsa masa, ɗana," in ji Ɗaga-Kai. "Abin da bai shiga da lalama ba, bar shi."

"Na sabon zamani ne, ashe. Bari a ga ɗayan."

Ɗayan kuwa ya shiga, ya ce ƙas. Aka kunna. Ɗaga-Kai ya buɗe hoton da ya saba jira, kafin ya kai hannu ga butar shayi har ya buɗe. Ya tsaya da hannu a sama yana kallo.

"Kai! Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ku masu yi muku."

Surukin ya sunkuyar da kai yana amin, amin, daɗi ya cika shi. Da yamma Ɗaga-Kai ya ba matarsa labari, ya ba maƙwabta, har mai katifa da bai san kan kwamfuta ba sai da aka kira shi ya ga yadda hoto ke buɗewa.

A cikin kwanakin nan ne wata malamar firamare ta shigo da ambulan a hannu. Ta gaishe shi, ta zauna, ta daɗe tana juya ambulan ɗin kafin ta miƙa. Hoto ne baƙi da fari, na wasu mata a tsaye a gaban wani gini, ɗaya a zaune a tsakiya da jaririya a cinya. Ruwa ya taɓa shi ta gefe, tabo ya haye rabin fuskar ta zaunen.

"Baba, wannan mahaifiyata ce, jaririyar kuma ni ce. Ban tashi na san ta ba. A akwatin kawuna aka tsince shi bayan ya rasu. Shi ke nan hotonta a duniya."

Ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girma, ya duba ya sake dubawa. "Zai yi, Malama, amma ba aikin gaggawa ba ne. Kuma in gaya miki tun yanzu, abin da ruwa ya cinye gaba ɗaya ba na ƙirƙira shi daga kaina. In akwai hoton 'yar'uwarta da suke kama, ki kawo min."

Ta ce akwai innarta, ƙanwar marigayiyar, tana raye ma. Washegari ta kawo hoton innar tana budurwa.

Ya ɗauki hoton a sikana da girma sosai, yadda kowane ɗigo zai fito, ya duƙufa. Ya yi nisa, ya share tabon goshi, ya fara fito da gira, sai linzamin kwamfutar ya tsaya cak. Ya motsa, shiru. Can sai fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya da rubutu fari, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Aikin wunin ya tafi, don daɗin sauri ya sa ya manta bai adana ba.

Ya ce wutar lantarki ce. Washegari ya adana aikin a kai a kai, amma ta sake yi. Ya ce zafi ne, ya juya mata fankar da yake sha da ita, shi ya zauna cikin gumi. Ta yi kwana biyu lafiya, har ya fara murna, sannan ta yi masa wanda ya fi: ya buɗe hoton da ya adana ya tarar da wasu layuka masu launi sun ratsa ta kan jaririyar. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, in fasfo yake yi ko ƙaramin aiki, ba ta cewa uffan. Sai ya ɗauko babban hoto take tubure masa.

A ransa ya san ranar da abin ya fara. Bai dai so ya faɗa ba.

Matarsa ce ta faɗa. Tana zaune a gaban keken ɗinkinta, ta ga ya tasa abinci a gaba yana juya cokali.

"Malam, ba tun da yaron nan ya sa mata abin nan ba ne?"

"Wa ya ce miki?"

"Fuskarka. Ka kira shi mana ka gaya masa."

"In ce masa me? Abin da ka kawo ya lalata min aiki? Yaro ya ɗauko ƙafa ya zo, ya durƙusa a ƙasa da fararen kayansa yana kwance noti. Ke ba ki ga yadda ya ji daɗi ba."

"To ka cire ka ajiye, ba sai ya sani ba."

"In ya zo ya ga ta koma nawarta fa?"

Ta kwashe da dariya har sai da ta tsai da keken. "Kai da ka iya riƙe hoton mutane ka ce sun ƙifta ido, yau kai ne ka rasa abin faɗa?"

Ana cikin haka Auta ta bugo waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ya kwamfuta? Wai surukinka ya ce in tambaya."

"Ai sai godiya," in ji Ɗaga-Kai. "Gudu take kamar me." Matarsa ta toshe baki da gefen mayafi.

Akwai kuma dalilin da ya hana shi leƙawa shagon da ke jikin nasa. Mai gyaran lantarkin, wanda ake kira Injiniya, abokinsa ne tun suna samari. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, ya ƙare a kwamfuta da waya. Shi ne likitan tsohuwar tun ranar da aka sayo ta, kuma mutum ne da in ya samu abin tsokana ba ya saki. Amma da Malama ta leƙo ta tambaya cikin ladabi ko an samu ci gaba, ta tafi tana cewa ba komai, ba komai, sai Ɗaga-Kai ya ji kunyarta ta fi ta kowa. Ya rungumi kwamfutar ya shiga wurin Injiniya.

Injiniya ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dubi notin murfin. "Wa ya buɗe ta?"

"Duba min kawai."

"Na ce wa ya buɗe ta? Ni ba na ɗaure noti a karkace."

"Surukina ne."

"Ahaf! An samu sabon likita, an yar da tsoho. To me ya kawo ka asibitin talakawa?"

Sai da ya gama shan ƙamshinsa sannan ya zare ram ɗin biyu ya jera su a kan tebur ƙarƙashin fitila. Ya nuna masa 'yar takardar da ke manne a jikin kowanne. Kamfaninsu daban. Na asalin an rubuta 667, na surukin 800, kuma na surukin ya ninka shi girma.

"Ka ga wannan lambar? Saurin kowanne ke nan. Zamaninsu ɗaya, shi ya sa ya shiga gurbin. Amma shiga daban, aiki tare daban."

"To nasa ne mara kyau ke nan."

"Ban ce ba. Zauna."

Ya mayar da na asalin shi kaɗai, ya soka wani filashi, ya kunna. Wasu lambobi suka yi ta gudu a fuskar kwamfutar. Ya ce wannan gwaji ne, yana rubuta abu a kowane lungu na ram ɗin ya karanto, ya ga ko ya dawo daidai. Suka sha shayi, suka yi gardamar ƙwallo, gwajin ya ƙare ba kuskure. Ya cire, ya sa na surukin shi kaɗai. Shi ma tas. Sannan ya haɗa su biyun. Ba a jima ba jan layi ya bayyana a ƙasa, wani ya biyo, wani ya biyo.

"Ga shi nan," in ji Injiniya. "Kowanne lafiyarsa lau. In ka haɗa mai sauri da mai nawa, kwamfuta takan ja mai saurin baya su tafi tare, kuma sau da yawa a zauna lafiya. Na sha haɗawa ya yi. Amma ban da sauri akwai ɗan jinkirin da kowanne yake buƙata kafin ya amsa, wani lokacin har wutar da suke sha ba ɗaya ba ce. Sabuwar kwamfuta ta iya sasanta su. Wannan tsohuwar taka ba ta iya ba. In aikin ƙarami ne ba ya kaiwa inda rikicin yake. Sai ka ɗora mata babban hoto, ta cika su duka biyun, sannan lissafi ya kuɓuce mata."

"Yanzu ya za a yi?"

"A cire ɗaya."

Ɗaga-Kai ya yi ajiyar zuciya. "To cire nasa. Na san abin da zan ce masa."

"Don me? Nasa ya fi girma. Naka za a cire, mutumina. Shi kaɗai ya fi abin da kake da shi da. In kuma an samu ɗan'uwansa sak, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, sai a cike gurbin."

Murmushi ya fara daga gefen bakin Ɗaga-Kai har ya cika fuska. Duk kwanakin nan yana ta dafa maganar da zai faɗa wa surukinsa, ashe ba a bukatarta.

Labari dai ya isa, don matarsa ba ta iya riƙe irin wannan ba. Ta gaya wa Auta, Auta ta gaya wa mijinta. Sai ga shi a shago tun da hantsi, ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

"Baba, ashe wahala na jawo muku. Wallahi ban sani ba."

"Tashi, tashi. Wace wahala? Leƙa ka gani, naka ne a ciki yana aiki. Nawa ne Injiniya ya kora."

Ya nuna masa tsohon ram ɗin a cikin kwalbar da yake ajiye ƙananan notoci. Surukin ya saki fuska. Da aka yi masa bayanin ɗan'uwan da ake nema, ya dafe kai ya ce ai kwamfutar da ya ciro wannan biyu ne a cikinta iri ɗaya, shi ne ya ɗauki ɗaya ya haɗa da na wata, yana ganin kamar an fi samun zaɓi. Ya koma ma'ajiyar kamfanin, Allah Ya sa ba a kwashe tarkacen ba, ya lalubo shi. Wannan karon bai taɓa sukudireba ba. Kai tsaye wurin Injiniya ya kai, ya tsaya da hannu a baya. Injiniya ya gwama takardun biyu, ya sa, ya bar gwajin yana gudu tun azahar har la'asar, ko jan layi ɗaya bai fito ba.

"Yaron naka yana da hankali," ya ce wa Ɗaga-Kai a gabansa. "Koya masa ɗaure noti kawai ya rage."

Aka sake ɗaukar hoton Malama a sikana daga farko, don Ɗaga-Kai bai yarda da duk abin da aka adana a kwanakin rikicin ba. Ya yi aikin a natse. Gira da ido ɗaya suna nan a ƙarƙashin tabon, su ya fito da su. Kunne da gefen kumatu ne ruwa ya cinye, nan ya duba na innar ya bi shi da sauƙin hannu, ya bar wurin da ɗan duhu kamar inuwa, yadda ba zai yi wa marigayiya ƙarya ba.

Ranar karɓa Malama ba ita kaɗai ta zo ba. Ta zo da innar tata, tsohuwa mai sanda da kaifin murya. Ya miƙa wa Malama hoton, babba, a cikin firem. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ƙura masa ido, sannan a hankali ta ce, "Ashe goshinta ne da ni."

Innar ta karɓa ta kai shi kusa da ido. "Ita ce. Wallahi ita ce, har ɗan ɗage girar nan da take yi in an sa ta zama shiru." Sai kuma ta kai yatsa kan matan da ke tsaye a baya, waɗanda da ba a ganin fuskokinsu sosai. "Kai, ga ungozomar da ta karɓe ki! Wannan kuma maƙwabciyarmu ce mai faɗan tsiya, wadda akuyarta ta cinye mana shanya. Wannan doguwar, ai ni ce! Ji wuya kamar na zalɓe."

Ɗaga-Kai ya jawo mata kujera. Ta zauna, ta jingine sanda, ta shiga ba da labarin kowace ɗaya bayan ɗaya, wa ta auri wa, wa ta yi nisa, wa ta riga mu gidan gaskiya. Malama tana dariya tana share ido da bakin gyale. Injiniya ya leƙo aron filaya, ya ji ana labarin akuya, ya nemi gefen benci. Mai katifa ma ya tsaya a bakin ƙofa. Wani mai neman fasfo ya shigo, ya ga taro, ya ce ko ya dawo anjima.

"A'a, shigo," in ji Ɗaga-Kai, yana jawo labulen bango. "Yanzu zan sallame ka. Inna, ci gaba, ina jin ki. Me ya faru da akuyar?"